Fankoki Ɗari a Kan Teku

Zuwa ga Mai Girma Manajan bankinmu, reshen Old Kent Road, London.

Yallaɓai,

Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ni ne Zailani Almu, ɗalibi mai koyon aikin akanta, wanda ka ba shayi da biskit a ofishinka a 1974, shekara biyu ke nan. Ranar Alhamis mai zuwa kotu za ta tabbatar da cewa na karye. Kafin nan ina neman izinin gabatar da 'yan koke-koke.

Na ɗaya. Ranar da na shigo maka cikin babbar riga, ka tambaye ni ko gidanmu na harkar mai. Na ce ƙwarai kuwa. Ban yi ƙarya ba, Yallaɓai. Mahaifiyata ta shekara talatin tana matsar man gyaɗa a Funtuwa. Me ya hana ka tambayi wane irin mai? Na ga yadda fuskarka ta washe, ni kuma tarbiyya ta hana ni ɓata wa babba rai. Ka ba ni rancen fam dubu biyu, na karɓa hannu biyu.

Na biyu. A lokacin, duk wasiƙar da ta zo daga gida cewa take kuɗi sun yi yawa a Najeriya, har masinjan ofis ya sayi babur. Ni da abokina Dalyop muka sayi fankoki ɗari, muka loda a jirgin ruwa zuwa Legas. Jirgin ya yi wata goma sha ɗaya a layi bayan jiragen siminti. Da aka sauke kayan, tsatsa ta gama da su, huɗu ne kawai ke juyawa. Dalyop ya koma Jos. Na san wannan ba laifinka ba ne, amma kai kaɗai ka rage mai karanta wasiƙuna.

Na uku. Duk sanda ka rubuto ka sanar da ni ba ni da kuɗi, sai ka caje ni fam ɗaya ladan rubutu. Labarin nan, ranka ya daɗe, ni na riga ka ji. Da ka tambaye ni, kyauta zan faɗa maka.

Na huɗu, kuma shi ne ya hana ni barci. Makon jiya ka rufe asusunmu. A ciki akwai fam tamanin da huɗu, albashin matata Shafa'atu, wadda ke ɗinki a wani kamfani a Stratford. Ba ta sa hannu a rancen ba, ba ta sha shayinka ba. Ni ne na ce mu haɗa asusu ɗaya, wai don na fi ta sanin lissafi. Ni ɗin nan da na zo na biyu a ajinmu a jarrabawar dokar karyewar arziki, ban tuna in ce ta ware nata ba sai da cakin haya ya dawo ba a biya ba. Mai gidan hayar ta ba mu mako biyu mu biya ko mu tashi. 'Yarmu Karimatu watanta biyar, mitar gas kuwa ba ta ɗumama ɗaki sai an jefa mata sule. Yanzu Shafa'atu ta jera gwangwani uku a kan kabad: na haya, na gas, na abinci. Kullum da safe takan ƙirga mini kuɗin bas a tafin hannu, ta ce, "Malam Akanta, a dawo da canji."

Saboda haka ina roƙo, cikin ladabi, ka sakar mata kuɗinta. Agogona da rediyo da babbar rigar duk na rubuta su a takardar kotu, a zo a ɗauka.

Daga ƙarshe, ita ce za ta sayi kan sarkin wannan wasiƙa, bisa sharaɗin in rubuta da hannuna cewa ta hana ni sayen fankokin nan. To, ta hana ni, Yallaɓai. Sau uku, na ƙarshen a gaban Dalyop.

Allah Ya ƙara wa bankinka albarka, Ya kuma tsare shi daga irina.

Naka mai biyayya har ranar Alhamis da bayanta,

Zailani Almu