Rijiyar Man Manaja Ɗangiwa

In ana zancen manyan mutanen da ƙasar Sakkwato ta haifa a zamanin mulkin kai, duk wanda ya tsallake Manaja Ɗangiwa na Tambuwal ya ci amanar tarihi. Shi ne wakilin Kamfanin Mai na Jan Zakara, kuma ikonsa ya tashi tun daga bakin tasha har ƙarshen inuwar rumfarsa. Ma'aikatansa uku ne: mazurari, kwalba, da shi kansa. In ya ba da baya Sarkin Duro muke ce masa. In ya juyo mu ce Manaja, don ya ce haka ake kiransa a Ikko, garin da bai taɓa zuwa ba.

Ga ado. Hular kwano irin ta Di'o, gajeren wando, safa har gwiwa a tsakiyar bazara, da alƙaluma uku a aljihu, biyu babu tawada. Wanda ya zo sayen kananzir na fitila ba ya tafiya sai ya sha karatu.

"Tsaya ka ji tarihi! Kamfanin ga namu, wani Bature yaf fara shi da jaki guda da tulun mai. Yau jiragen ruwanmu sun ɗara jakunan Jabo yawa. Mun haƙa ƙasar Larabawa, mun haƙa Farisa, yanzu muna Kurmi. Ni da Kamfani ba ka raba mu."

Direbobin da ke dawowa daga Kurmi kuwa wani tarihin suke kawowa. Suka ce inda Kamfani ya haƙa, kifi ya taso sama ciki a waje, rogo ya ƙi yin saiwa, ga wata wuta a kan dogon bututu da ba ta mutuwa ko ana ruwa. Manaja ya saurara, ya gyara hula, ya ce:

"Ƙauyanci! An ba mutane fitila kyauta suna kuka. Kifi kuma da sai an wahala da taru, yanzu shika kawo kanai. Mi ag ci gaba in ba wanga ba?"

Shekara biyu bayan an sauke tutar Ingila, Kamfani ya aiko masa da tanki da famfo mai hannu, tare da takarda: a jira injiniya, a shafe tankin da kwalta, a ɗaure ramin da siminti, a nisanta shi daga ruwan sha. Manaja ya karanta, ya ce an rubuta wannan ne don ƙananan wakilai. Ya sa aka turo tankin daga saman mota, ya faɗo tim, ya ce ƙarfen Ingila ne, ba ya jin komai. Sa'an nan ya zaɓi wuri. Ina jama'a suka fi taruwa su ga allon jan zakara? Bakin rijiyar unguwa. Nan aka binne shi, taku goma daga inda mata ke jan guga, aka cika shi da kananzir.

Rijiyar nan ita kaɗai ce ba ta ƙafewa a unguwar. Ita ake sha, ita ake alwala, da ita Inno Tambaya mai fura ke dama furar da ta riƙe gidanta tun rasuwar mijinta.

Da damina ta wuce, Inno Tambaya ta iso rumfa da ƙwarya a hannu.

"Ɗangiwa, shinshina. Ruwan ga warin fitila sukai. Jiya mutum fuɗu sunka maido min fura."

Wani ƙaramin mutum da sai gabansa ya faɗi. Manaja ya leƙa ƙwarya, ya ga wani maiƙo na walƙiya a sama, ya tsoma takarda, ya ƙyasta ashana. Ta kama. Ya cire hula, abin da ko gaban alƙali bai taɓa yi ba.

"Inno, ke san abin da kika ɗauko? Arzikin Jihar Arewa! 'Yan Kurmi sun gama yi muna gori. An samu mai Tambuwal, kuma ni nis same shi!"

Kafin la'asar ya sa an kewaye rijiya da zana, an kafa allo: dukiyar Kamfani. Mata suka koma ɗebo ruwa a fadama, tafiyar da in ka fita da hantsi sai azahar. Ya buga waya hedkwata. Ran kasuwa ya hau keke har Kebbe, ya tsaya kan turmi ya sanar da su cewa in sun nuna ladabi zai duba yiwuwar bututu ya bi ta bayan garinsu. Wani Bafillace ya tambaya ko shanu na shan abin. Manaja ya ce za a kafa kwamiti.

Daga Kebbe ya taho da Bube mai yasar rijiya, don a auna zurfin arzikin. Bube ya ɗaura igiya ya sauka, ya fito yana tari, idanu jajur.

"Manaja, ba daga ƙasa shika fitowa ba. Daga bangon gabas shika tsattsafowa, wajen tankinka."

"To daga ina kaka son albarka ta fito in ba gabas ba? Kai dai yashi ka sani."

Ranar da injiniya zai iso, Manaja ya tara makaɗa, ya sa aka share tasha, ya ƙara alƙalami na huɗu. Ya yi jawabi mai tsawo, inda ya yi alkawarin jirgin ƙasa, da asibiti, da canza sunan unguwa. Injiniyan, wani dogon Bature mai jan wuya, bai zauna ba. Ya karɓi guga ya ja, ya zuba a kwalba, ya ɗaga ta ga rana. Shuɗi-shuɗi. Kamfani kuwa shuɗi yake rina kananzir ɗinsa don kada a rikita shi da fetur, kuma Manaja da bakinsa ya sha koya mana wannan. Bature ya buɗe tanki ya zura sanda. Ta fito a bushe. Ya yi magana gajera, tafinta ya juya ga jama'a:

"Ya ce ya yi yawon duniya, bai taɓa ganin ƙasar da mai ke fitowa a tace, a rine, ba sai Tambuwal."

Makaɗa suka sauke ganguna.

A nan Kamfani ya nuna girmansa. Cikin sa'a guda aka kwance famfo, aka tuge allon zakara, aka karɓe hular kwano, don ashe ita ma tasu ce. Tankin dai aka bar mana shi a ƙasa, tunawa. Da liman ya tambayi wa zai gyara rijiya, tafinta ya ce Kamfani ba shi da wakili a garin nan, saboda haka ba shi da rijiya. Amma ba su tafi haka ba. Sun ba liman kalanda mai hoton wani kogi garai-garai.

Dattawan unguwa suka yanke cewa har a haƙa sabuwar rijiya, wanda ya kashe tsohuwar shi zai shayar da gidajen da ba su da mai ɗebowa. Yanzu kullum da hantsi za ka ga Manaja a hanyar fadama, kai ba hula, safa ta zube a idon sawu, yana kora jaki da garewani biyu. Ya dai cika burinsa na zama ɗaya da Kamfani, don ga shi da jaki guda, daidai inda Baturen da ya kafa Kamfanin ya fara.

Gidan Inno Tambaya yake fara saukewa. Takan leƙa garwa, ta shinshina, ta dube shi.

"Manaja, na yau ɗanye na ko tatacce?"