Yaƙin Nomau da Gemun Bunsuru

Da sunan Mai halitta, wanda ya raba wa kowace dabba ƙamshinta, ga tarihin Nomau ɗan Arzika, jikan Cindo mai yatsa shida, tattaɓa-kunnen Jatau da ya taɓa korar kura da tari. Nomau garkuwar turke, katangar garke, sadaukin da ba ya ja da baya sai in matarsa Ige ta ɗaga murya.

Sadaukin nan yana da rago guda, balami fari fat, shi ne ƙarshen irin da ya gada wurin ubansa. Rago ya tsufa bai bar baya ba, domin tunkiyar gidan ko kallo bai ishe ta ba. Ige ta yanke hukunci: "Malam, in bai hau ta ba kafin Sallah, shi ne layyarmu."

Nomau ya shiga tafakkuri mai zurfi. Ya lura da bunsurun maƙwabcinsa, ƙazami mai fitsari a gemu, wanda in ya gifta sai awaki su hau kaɗa wutsiya. Ya ce a ransa, ai tunkiya da akuya 'yan uwa ne, kofatonsu ɗaya, tuƙarsu ɗaya, abin da ya ja wannan zai ja waccan. Ku ji fa, mutum da furfurarsa! Ya manta dangin nan sun raba hanya tun zamanin kakanni, kowa ya tafi da nasa turaren.

Da hantsi ya yi ɗamara da rawani, ya zare tsumma, ya haura katangar maƙwabci yana kirari: "Sai ni na Ige, mai hana iri ɓacewa!" Aka yi gumurzu, ƙura ta turnuƙe, kaji suka yi hijira, bunsuru ya kai tunkuyi inda ba a faɗa a gaban yara, amma gwarzon bai saki gemun ba sai da tsumma ya jiƙe sharkaf, sannan ya dawo da ganima yana ɗingishi, ƙudaje na yi masa rakiya. Ya shafe ragonsa daga ƙaho har wutsiya kamar ango, ya gurfanar da shi gaban tunkiya.

Tunkiya ta sunsuna, ta yi atishawa, ta tsinke igiya, ta fice ta zaure.

Iska kuwa ta kai bushara unguwa. Sai ga rundunonin awaki gabas da yamma, jajaye da baƙaƙe, har da gurguwar akuyar ladan, suka mamaye gida, suka cinye shanyar kuɓewa, suka yi wa balami ƙawanya suna kaɗa wutsiya. Balami ya cusa kansa cikin rigar ubangidansa.

Ige ta leƙo, hannu a hanci. "Barka da nasara, Sarkin Yaƙi. Kada ka kuskura ka shigo min ɗaki."

An tsinci tunkiya a bakin kasuwa tana bin wani rago mai ƙaho ɗaya wanda ba a san mai shi ba. Ranar Sallah aka kwantar da balami. Da aka rarraba nama, kowane gida suka yi godiya, suka kuma aiko tambaya ko bana bunsuru Nomau ya yanka.