Ranar da Aka Zo Tausaya wa Ikram da Lasifika

Jama'a, jiya takalmina ƙafa ɗaya ya tafi a kwatar Jakara, kuma tausayin manya ne ya jawo.

Ƙanwata Hafsat tana da 'ya budurwa, Ikram, mai lalurar nan da likitoci ke kira otizim, mu kuma muke ce wa galahanga. Yarinya ce mai natsuwa, hular da take saƙawa ta fi ta kasuwa. Ƙara ce kawai ba ta iya ɗauka. Da ta fara girma abin ya tsananta: barci ya ƙaurace mata, ga fargaba, ga kuka. Likita ta ce wani ɓangaren daga halittarta ne da sauyin jiki na balaga, sai a bi a hankali. Sauran kuwa daga muhalli ne. Ta ce, "Ku samar mata wuri shiru, kuma a daina yi mata ba-zata."

Shiru! A Jakara! Inda injin markaɗe ke gaida janareta, mai gyaran rediyo yana amsa musu.

Duk da haka unguwa ta yi ƙoƙari. Maƙwabcinmu Malam Nata'ala ya kwashe injin markaɗensa ya mayar can bayan layi. Ikram ta fara samun barci, har ta koma zama a zaure tana saƙa.

Ana cikin haka Mai Girma Garkuwan Marasa Galihu, Allah ya ƙara wa hularsa tsawo, ya ji labarinta. Jiya da hantsi aka iso wayar mana da kai. Jiniya a gaba, 'yan babur a baya, makaɗa da maroƙi a tsakiya. Aka kafa rumfa daidai ƙofar gidan Hafsat, aka jera lasifika kowace ta kai girman rumbu.

Na ruga wurin wani mai kati rataye a wuya. Na ce, "Ranka ya daɗe, yarinyar ba ta son ƙara!"

"Me ka ce, Baba?"

"Na ce ƙara! Ƙara!"

Ya yi murmushi ya dafa ni. "Za a ƙara, Baba!" Ya ɗaga wa mai sauti hannu. Wallahi har haƙorana sai da suka amsa.

Sai aka ce a fito da yarinya a yi hoto. Kafin Hafsat ta buɗe baki, Ikram ta toshe kunnuwa ta fice ta ƙofar baya da gudu, ta nufi titi. Na bi ta, ni da gwiwar da ko matakalar masallaci sai na roƙe ta. A nan kwata ta karɓi rabonta.

A shagon Malam Nata'ala na same ta, ta ƙudundune a bayan buhunan gero. Ya kashe inji, ya tsaya a ƙofa yana sallamar masu markaɗe da hannu. Ya yi mini raɗa: "Kada ka taɓa ta. Zauna kawai." Na zauna a ƙasa. Can da jimawa ta ɗago ta ce, "Kawu, sun tafi?"

Ba su tafi ba. Mai Girma yana kan jawabi ne a kan muhimmancin sauraron irin waɗannan yara. Da aka rasa Ikram, sai aka kamo Fa'izu ɗan mai shayi, lafiyarsa ƙalau, aka yi hoton da shi. Ya yi kyau kuwa.

Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Tun jiya Ikram ba ta ci abin kirki ba, ko leƙa zaure ta ƙi yi. Hafsat ta ce, "Yaya, wahalar da muka sha duk ta koma sabuwa."

Amma kada a ce ba mu da godiya. An bar wa Ikram kyauta a kwali mai ƙyalli: rediyo ce mai caji, da lasifika biyu. Alhamdu lillahi, ba mu da wutar da za mu caja ta. Masu ɗauke mana wuta, yau dai kun yi aikin lada.