Zuciyar Alhaji Hamsin-da-Biyu

Duk Limawa babu mai zuciya irin ta Alhaji Muttaka, ciyaman ɗin Ƙungiyar Masu Tattakin Asabar. Ba jarunta ake nufi ba, balle kyauta. Tsokar nan ake nufi, mai bugawa a ƙirji. Tun da ya sayo agogo mai auna bugun zuciya, Allah Ya fifita shi a kan sauran bayi. Kowace safiya agogon kan aika wa wayarsa sakamako: bugu a lokacin hutu, hamsin da biyu a minti. Jiya haka, watan jiya haka. Muka raɗa masa Alhaji Hamsin-da-Biyu, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, a zatonsa sarauta ce.

"Ku duba nan," yakan ce, yana zagaya mu da waya kamar mai tallan turare. "Layi a miƙe, ba hawa ba gangara. Sai manyan 'yan tsere ke da irin wannan. Bodin ne ya kwana biyu, injin sabo ne fil."

Mu 'yan ƙungiya, da yake wajen gyaɗa kai ba mu da na biyu, sai mu kalli layin, mu kau da ido daga tumbin, mu ce ma sha Allah. Tattakin namu ma ai suna ne kawai. Daga ƙofar masallaci zuwa teburin mai shayi, Alhaji na biye a mota yana kula da tsari.

Abu mai tsada bai kamata ya ɓuya ba, saboda haka a kan hannun riga Alhaji ke ɗaura agogonsa, inda kowa zai gani. Nan da nan muka sayo namu, muka ɗaura a kan riga. Namu suka ƙi nuna komai, muka yi ta tsine wa mai shago, wai jabu ya sayar mana.

Mutum ɗaya ce abin bai burge ba, matarsa Hajiya Sakinatu, mai aiki a jami'ar da ke Gidan Kwano, can bayan gari. Dalili kuwa, Alhaji ya jingine maganin hawan jininsa. Ta yi lallashi, ta yi fushi, duk a banza.

"Hajiya, kimiyya ta wuce inda kike," in ji shi. "Mai hamsin da biyu ba ya haɗiyar ƙwaya."

Don ya rufe mata baki, ya yi shelar zai ja mu a ƙafa har madatsar ruwa ta Tagwai. Ranar Asabar ya fito cikin kaftani mai sitaci da takalmin gudu, ya yi jawabi, muka tafa. Ba mu ko fita daga Limawa ba ya lalubi bencin wani mai faci ya zube, gumi na tsiyaya, numfashi sama-sama. A nan raha ta ƙare, wallahi mun tsorata. Muka cusa shi a Keke Napep sai asibitin maƙwabcinsa, Dokta Isaiah, aka kira Hajiya.

"Alhaji, jininka ya hau ba kaɗan ba," in ji likitan. "Zuciya tana buga ɗari da huɗu."

"Na'urarka ce ta lalace." Alhaji ya ɗaga hannu da ƙyar ya nuna agogo.

"Wannan sai ya taɓa fata yake ji. A kan riga ba ya auna kowa."

A hankali kowannenmu ya tura agogonsa ƙarƙashin riga.

"To hamsin da biyun na wane ne?" Alhaji ya tambaya.

"Nawa ne, Alhaji," Hajiya ta ce daga bakin gado, idonta jawur. "In ka cire shi bayan isha'i ni ke ɗaurawa in kwana da shi. Girgizarsa ke tashe ni in kama motar aiki ba tare da na dame ka ba."

Alhaji ba ya faɗuwa haka kawai. Ya jawo waya, ya laluba baya, ya kai mata har fuska.

"Wannan makon fa, da ya sauka arba'in da takwas? Ba a taɓa samun kwanciyar hankali irinta ba."

Hajiya ta duba, ta sunkuyar da kai.

"Makon da ka tafi taro Abuja ne, ka manta shi a gida."

Alhaji ya daɗe yana kallon layin. Sannan ya kife wayar, ya miƙa tafin hannu, ya ce a ba shi ƙwayar.