Gorar Lemo a Gaban Suruki

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, ƙarfe huɗu da rabi na yamma, a wani zaure a Ƙofar Ran. Mu uku ne: ni, da abokina Sani, da mahaifin budurwata Hadiza, wanda ya ce sai ya gan ni da idonsa kafin ya amsa wa manyana maganar aure.

A gidan rediyo nake aiki, kuma a makon nan na gabatar da shiri kan lemon kwalba. Na yi bayani dalla-dalla: gas ne aka danne cikin ruwan, kuma kumfa ba ta tashi sai ta sami wurin kamawa, ko ɗan karce a jikin kofi, ko ƙananan kumfar da girgiza ke haifarwa. Da an buɗe murfi sai gas ya rufta cikinsu, su kumbura, su yi sama. Lemo mai ɗumi ya fi muni.

Aka kawo mana lemo na gora, mai ɗumi (babu wuta tun jiya). Ba a sha a gaban suruki, saboda haka na riƙe tawa, kaina a ƙasa. Baba na tambaya, ina amsawa. Ashe tun ɗazu jujjuya gorar nake, ina bubbuga ta a gwiwa.

Can sai Baba ya ce, "Ɗana, yatsuna sun daina jin magana. Buɗe mini ta hannunka."

Na duba. Ƙananan kumfa sun yi layi a jikin gorar. Na san maganin sarai: a ajiye ta, ta huta. Amma wa zai ce wa suruki ya jira? Sani ya ja da baya (maci amana). Na yi bismilla, na murɗa.

Lemo ya yi tsartuwa, ya wanke Baba: gemu, farar babbar riga, har hula.

Kumfa na ta ƙara a kan tabarma. Na fara tsara yadda zan yi wa Hadiza ban kwana.

Baba ya share gemu a hankali. "Kai ne mai bayanin kumfa a rediyo, ko?"

"Ni ne, Baba."

"Na saurara, ban gane ba. Yanzu na gane."

Na koyi cewa duk iliminka, in za ka gaban suruki, ka ajiye gora a ƙasa. An ɗaura aure bayan wata uku. Har yau in na je gidan, zoɓo ake kawo mini, a kofi.