Atamfa a Kan Kwamfuta

"Lafiya lau, mijin banza, sai dai yunwa, tunda ko cefane ba ka ajiye mini ba."

Isiyaku ko ɗago kai bai yi ya dubi kakarsa Hajiya Dije ba. Yana durƙushe a ɗakinsa a Kakuri, ya tasa kwamfuta a gaba kamar mai zaman makoki. Bidiyon biki ne a cikinta, aikin farko da wani mai ɗaukar hoto ya yarda ya ba shi ya haɗa, kuma gobe da hantsi amarya za ta wuce Jos. In bai kai ba, ba mai sake kiransa. Shi ya sa ya shiga saitin kwamfutar ya ƙure wa firosesa, wato ƙwaƙwalwarta, gudu, ya bar ta tana aiki ya tafi Juma'a. Ya dawo ya tarar da ita a mace, an lulluɓe ta da atamfa. Hajiya Dije kuwa ko rediyo ba ta bari ba lulluɓi a gidan nan.

"Hajiya, ke kika rufe ta?"

"Ni mana. Na shigo shara na ga abu tsirara, ƙura na shiga ta ramukan nan. Ka gode mini, atamfar masaƙa ce, ba irin ta yanzu ba."

"Ta ramukan take numfashi! Kin shaƙe ta, tsohuwa. Kin gama da ni."

"Injin da zani ɗaya zai kashe ai rago ne, ya biyo mai shi."

"Ji mai maganar inji! Ke da ko lambar wayarki ba ki sani ba."

"Shekara goma sha tara ina kan injin saƙa, lokacin ubanka na yawo ba wando. Me ka yi mata kafin ka fita?"

"Gudu na ƙara mata."

"Gaba ɗaya, a zafin nan? Ka ƙara mata fanka?"

"A'a."

"Ka zauna ka ga yadda za ta ɗauka?"

"Na ce miki masallaci na tafi."

"Kai, Allah ya haɗa ni da miji! A masaƙa kaɗan ake ƙarawa, a saurari kukan inji, a taɓa jikinsa, in ya yi zafi a koma baya. Kai ka kashe abarka, zanina likkafani kawai ya zama."

Maimakon ya rama, sai ya sunkuyar da kai. "Shekara uku da gama makaranta ba aiki, Hajiya. Mai hoton nan ne kaɗai ya ce in gwada."

Nan tausayi ya kama tsohuwar. Ta san yadda shirun inji yake, tana tsaye ranar da aka kashe na masaƙa. Ta fita, sai ga ta tana jan fankarta, guda ɗaya tilo da take da ita.

"Buɗe mata ciki ta sha iska."

Ya kwance murfin, ya zare ɗan batirin da ke riƙe saiti ya mayar, suka jira ta huce. Ya danna. Shiru. Ya sake dannawa da bisimilla, ta yi ƙara, fuskarta ta kawo haske. Amma aikin ya koma farko.

"Awa goma sha huɗu, in ba su ɗauke wuta ba," ya ce, jikinsa a sanyaye.

"To ƙara mata kaɗan. Kaɗan na ce, sarkin gaggawa, hannunka na jikinta."

"Ke fa? Da me za ki kwana?"

"Ni tsohon inji ce, zafi ba ya kashe ni. Amma ka sani na fasa auren. Miji ya ƙwace fankar matarsa ya ba akwati?"

Sai yanzu dariya ta kuɓuce masa, da ƙwalla a idonsa. "Na yarda, injiniya. Kin fi ni."

Ta ninke atamfar, ta zauna a bakin ƙofa tana fifita da ita, kunnenta na kan kukan injin.