Juma'ar da Na Zama Masanin Wasan Ƙanƙara

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da na miƙe tsaye a falon yayata na yi wa mutanen Kanada lacca a kan wasan ƙanƙara ba. Ni da aka haifa a Jidda, na girma a Jidda, ƙanƙarar da na fi sani a duniya ita ce wadda ake zuba wa kifi a kasuwa. Har yau idan na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Bari in fara da kaina, tunda dama son kai ne ya jawo min. Ni direban motar ɗaga kaya ne a tashar jiragen ruwa, amma a unguwarmu ta Madain Fahd ba da wannan aka san ni ba, da ƙwallo aka san ni. A ƙuruciyata ni ne mai tsaron bayan kulob ɗin unguwa, kuma dokata ɗaya ce: ko ƙwallo ta wuce ni, ko mutum ya wuce ni, amma ba sa wucewa tare. (Gwiwar hagu ce ta yi min ritaya, ba tsufa ba. Ina so a san wannan.) Saboda haka duk Juma'a idan dangi suka taru cin abincin rana a gidan Yaya Zainab a unguwar Safa, da zarar an kwashe kwanuka an kawo shayi, hirar wasanni tawa ce. Ni ke faɗin wanda ya iya da wanda bai iya ba, ni ke korar koci in ɗauko wani, ba mai yi min musu.

Faisal shi ne ɗan Yaya Zainab na fari. Ni 'yan mata Allah ya ba ni, alhamdulillahi, to sai na riƙe Faisal kamar nawa. Tun yana tafiya yana faɗuwa nake saɓa shi a kafaɗa mu je fili. Ni na saya masa takalmin ƙwallo na farko. Ni na koya masa tsayuwa, da karanta idon ɗan gaba, da wasu 'yan dabaru da ba a koyarwa a gaban alƙalin wasa.

Mahaifinsa kuwa, Abu Faisal, mutumin kirki ne mai aiki a kantin magani, mai sanyin murya, wanda ban taɓa ganin ya taka ƙwallo ba ko da bisa kuskure. Wata rana yaron ya dawo gida da gwiwa a kuje, sai bawan Allahn nan ya ɗauke shi ya kai shi wani katafaren kanti da ke da filin ƙanƙara a ciki, wai can ya fi tsafta. Aka ɗaura wa yaro takalmi mai wuƙa a ƙasa, aka ba shi sanda mai lanƙwasa, aka nuna masa wani baƙin faifai kamar murfin gwangwani, aka ce shi ne ƙwallo. Na yi dariya na ce zumuɗin yara ne, zai dawo. Bai dawo ba. Ya girma ya samu tallafin karatu ya tafi Kanada, kafin mu farga yana buga wa kwalejinsu wasa.

Sai ga labari wai an saka sunansa cikin waɗanda za a zaɓi gwarzon sabon ɗan wasa a gasar kwalejojin yankinsu, kuma magoya baya ne ke jefa ƙuri'a ta waya, ko daga ina mutum yake.

Daga nan falon Yaya Zainab ya juya min baya. Abu Faisal, wanda a da aikinsa a hirar wasanni bai wuce miƙa sukari ba, shi ne ya zama malami. Zai gyara tabarau ya karanto abin da 'yan kallo suka rubuta: wannan ya ce yaron da ya fito daga hamada ya fi 'yan ƙasar gudu, wancan ya ce a'a, wani dogon Bature ne ya cancanta. Dangi na ta "Masha Allah, Abu Faisal", "Mabruk, Abu Faisal", "Kai ka yi hangen nesa, Abu Faisal". Na jira wani ya ce, ai kawunsa ne ya fara sa shi a hanya. Ba wanda ya faɗa. Na kawo zancen wasan ƙwallon da aka buga a satin, wata gwaggonmu ta ce in ɗan dakata ana magana mai muhimmanci.

Kishi nake yi, ba sai an tambaye ni ba. Ba da yaron nake kishi ba, Allah ya sani. Da ubansa nake, da sandar nan mai lanƙwasa, da ƙasar Kanada baki ɗayanta. Gani nake an ƙwace min ɗa da rana tsaka, an kuma goge sunana daga tarihinsa.

Sai na ce bari in kalli wasan nan da idona in gano aibinsa. Lokacin hutun rana a tashar jirgi na samu inuwar wata kwantena, na buɗe wani wasansu da aka riga aka buga. Ban gane komai ba. Faifan ma ban iya ganinsa, mutane kawai nake gani suna shawagi kamar an watsa wa kifi abinci. Don haka na kafa ido a kan lambar rigar Faisal, na ƙyale kowa.

A nan na gano abin da na ɗauka asiri ne. Yaron zai shigo fili da gudu, kafin ya yi ko gumi sai ya juya ya haura katanga ya zauna a benci, wani ya shiga. Can anjima ya sake shigowa, a sake fitar da shi. Haka aka yi ta yi har wasa ya ƙare. Duk wanda ya taɓa buga ƙwallo ya san ma'anar wannan: idan koci ya cire ka da wuri, cewa ya yi ba ka iya ba, a gaban duniya. Sannan a tsakiyar wasan har aka kai shi wani ɗan akwatin gilashi aka zaunar da shi shi kaɗai, kamar kayan da kwastan suka riƙe.

Ya kamata in ji tausayi. To, daɗi na ji. (Na faɗa muku ba labarin jarumta ba ne.) Na ce ashe duk surutun Abu Faisal bai ma san ana wulaƙanta masa ɗa ba, sai ni mai ido. Sauran satin nan ina ɗaga kaya ina shirya jawabi.

Ranar Juma'a na saka farar jallabiyata mai sitaci. An shirya cewa bayan cin abinci za a kira Faisal ta bidiyo a babbar talabijin, sannan kowa ya jefa ƙuri'arsa a tare. Aka ci mandi, shinkafa da naman nan na Larabawa, aka wanke hannu, Maryam ƙanwar Faisal ta haɗa waya da talabijin. Can wurinsu safiya ce, yana bakin filin atisaye cikin sulken nan nasu da ke mai da mutum kamar katifa. Abokansa na leƙowa suna ɗaga mana hannu, wani dattijon Bature mai usur a wuya yana tsaye a baya.

Faisal yana jin Hausa sarai, amma idan zai yi ta sai ya riƙa jingina da Larabci, ni ma Khali yake ce min, wato kawu. Ya gaida uwarsa, ya gaida ubansa, da ya hango ni fuskarsa ta washe.

"Khali! Kawu! Kana lafiya?"

A nan ne ya kamata in ce lafiya lau, Allah ya ba da sa'a, in koma in zauna. Sai na miƙe.

"Kafin a jefa ƙuri'a," na ce, ina gyara murya, "akwai gaskiyar da dole a faɗa, tunda a ɗakin nan ni kaɗai na san wasa. Faisal, wancan mai usur ɗin shi ne kocinku? Kira min shi."

Yaya Zainab ta ce, "Auta, zauna." (Na haura hamsin, amma a bakinta har gobe Auta nake.)

Ban zauna ba. Dattijon ya matso yana murmushi. Na ce wa Maryam ta fassara masa da Turanci, kada ta rage ko kalma ɗaya. Yarinyar nan kuwa mai biyayya ce, ba ta rage ba.

Na ce masa na kalli wasansu, kuma ni ba a rufe min ido. Na ce idan bai yarda da yaronmu ba ya faɗa mana mu dawo da abinmu gida. Wane irin koci ne zai riƙa cire ɗan wasa kafin ya taɓa ƙwallo sau biyu, ya mayar da shi, ya sake cirewa, kamar mai gwada takalmi a kasuwa? Na ce su kuma magoya bayan da ke yabonsa, ko dai ba sa kallo, ko kuma tausayinsa suke ji don baƙo ne. Na rufe da cewa ɗan wasan da ba ya iya gama wasa a fili bai kai ga kyauta ba tukuna, kuma wanda ya so shi ne zai faɗa masa haka.

A talabijin kowa ya tsaya cak, har na ɗauka waya ce ta katse. Sai wani yaro mai jan gashi ya fashe da dariya, sauran suka bi shi, ɗaya har yana buga sanda a ƙasa.

Faisal ya rufe fuska da safar hannu. "Khali, ba haka ba ne. Kowa yana fita. Kowa-kowa. Gudun yana da yawa, ba wanda yake iya daɗewa. Ka shiga, ka fita, ka huta, yalla ka koma. Har kyaftin."

Kocin ya ƙara da nasa, Maryam ta fassara tana danne dariya: wai a cikin sababbi ma Faisal ne ya fi yawan shiga fili, shi ya sa aka saka sunansa.

Abu Faisal ya taɓa hannuna a hankali. "Da ka tambaye ni da na yi maka bayani, wallahi. Ni ma da farko haka na ɗauka." Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Mai hankali da ya tsaya a nan. Ni kuwa na ji ƙasa na zamewa, sai na kama abin da ya rage min.

"To akwatin gilashin fa? Shi ma kowa ake kullewa?"

Faisal ya juya ya faɗa wa abokansa wata magana yana nuna ni da yatsa. Sai ihu ya tashi. Yara suka cika talabijin suna tafi suna kiran "Khali! Khali!" Mai jan gashin ya ja baya, ya kalli sama kamar ba ruwansa, ya ɗan zura ƙafa gefe, abokinsa ya yi kamar ya faɗi. Nan take na gane motsin nan. Nawa ne.

"Akwatin na hukunci ne, Kawu," in ji Faisal. "Taɗiya na yi. Wadda ka koya min, ka kalli wani wuri ka sa ƙafa. Na ba su labarinka tun zuwana. Yanzu duk wanda ya yi taɗiya a kulob ɗinmu sai a ce ya yi khali."

Kocin ya matso da fuskarsa dab da waya. Maryam ta ce, "Kawu, wai ashe kai ne. Wai tun farkon kakar wasa yake fama ya cire wannan abu daga ƙafar yaron, ya kasa."

Yaya Zainab ta dube ni irin kallon da ta saba yi min tun ina yaye. Na zauna. Na miƙa wa Maryam wayata ta jefa min ƙuri'a.

Da sakamako ya fito, dogon Baturen nan ne ya ci, Faisal ya zo na biyu. Maryam ta karanto mana ra'ayoyin magoya baya, kusan duk bakinsu ɗaya: yaron yana da gudu, yana da zuciya, amma ya cika zaman akwati. Yaya Zainab ta ajiye kofin shayinta ta ce, "To Auta, kana ta neman rabonka a yaron nan. Ga shi an ware maka."

Washegari na kira shi in ba shi haƙuri. Na yi ta kame-kame, ya katse ni.

"Halas, shi ke nan, Khali, ba komai. Ka san wani abu? A garin nan ba ni da kowa. Amma duk lokacin da aka kai ni akwatin nan na zauna ni kaɗai, sai in tuna filin Madain Fahd, da kai kana ce min in tashi in kaɗe jikina. Sai in ji kamar na zo gida."

Na ce masa iska ce ta shiga wayar, zan sake kira. Na zauna a cikin motar ɗaga kaya na ɗan jima kafin in iya ganin gabana.

Abin da na koya bai da yawa. Idan za ka kalli wasan da ba ka sani ba, ka ɗan ɗaga ido daga kan ɗanka ka ga abin da sauran mutane ke yi. Idan kuma kana kukan an manta da gudummawarka, ka fara bincika wace iri ce kafin ka nemi a ambace ta a bainar jama'a. Yanzu duk Juma'a Abu Faisal ne ke jan hirar wasanni, ni ke miƙa sukari. Amma idan aka nuno Faisal a cikin akwatin gilashi, duk falon sai a juyo a kalle ni, ni kuma in sunkuyar da kai kamar mai jin kunya. Rabin kunyar gaskiya ce.